Yadda Ake Gano Tushen Siririyar Ƙara A Jikin Tsohon Babur

Tsohon babur ba ya rabuwa da surutu. Kwanon sarƙa na ƙwanƙwasa, salansa na tari, kariya na kakkarwa saboda notin da ya faɗi tun bara, mai shi kuwa ya saba da su har ya daina jinsu. Amma akwai wata ƙara da kunne ba ya sabawa da ita. Siririya ce, mai tsini, wiiii, kamar kukan sauro a ɗaki mai duhu. Ka karkata hagu ka ji kamar daga dama take fitowa, ka sunkuya ka rantse daga ƙarƙashin tanki ne, ka tsaya a gaban bakanike ka rasa abin da za ka nuna masa.

Ni ta kama ni ne wata Lahadi da yamma, ina dawowa daga kasuwar Gujungu da buhun taki biyu a bayan wani tsohon babur mai injin CG da yayana ya bar min. Washegari na kai shi wurin wani matashin bakanike. Ya tayar, ya murɗa totur sau biyu, ya karkata kai ya ce, “Oga, inji ne, sai an sauke.” Aka sauke. Aka sa sabon ringi, aka wasa bawul, aka canja fakin da ke hana yoyo a mahaɗar inji, na zube kuɗin ɗan akuya. Ina hawa kwalta sai ga ta, wiiii, tana nan daram.

Wani dattijo ne da ke gyara a gindin dalbejiya, wanda ya fara sana'ar tun zamanin Suzuki da Yamaha masu hayaƙi, ya saurari labarina har ƙarshe bai ko taɓa babur ɗin ba. Da na gama ya ce, “Ɗana, ƙarar nan wa take bi?” Na ce, “Baba, ban gane ba.” Ya ce, “Totur take bi, ko gudu, ko giya? Je ka tambayo ta ka dawo, sannan mu ɗauki sifana.”

Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan tambaya ya fito. Ƙara irin wannan abu biyu ne ke haifar da ita: ƙarfe mai juyawa da sauri yana gogar wani, ko iska tana matsewa ta ƙaramar kafa. Masu juyawa a jikin babur kuwa gida uku ne. Akwai na inji, waɗanda totur ke ba wa umarni. Akwai na taya, wato sarƙa, boris (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kai), birki da wayar maleji (agogon gudu), su gudun babur kaɗai suka sani. Sai akwatin giya da ke tsakani yana haɗa su. Kulocin da ke hannunka na hagu shi ne ƙofar da ke raba gidajen nan. In ka iya buɗe ta da rufe ta kana saurare, ka gama rabin aikin ba ka kwance noti ko ɗaya ba.

Kayan aikin ba su da yawa: dogon sukundireba, sifana mai lamba 10, 12, 14 da 17 tare da wadda ta yi daidai da notin tayarka, kwano mai tsabta, tsumma, guntun alli ko gawayi, da maganaɗisun tsohuwar rediyo. Ka samu yaro mai hankali ya riƙe maka. Lokaci kuma ka zaɓi bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi, kafin mai injin niƙa ya tayar da nasa.

Mataki na farko: baƙin mai

Kafin komai, kafe babur a kan jek na tsakiya a wuri mai daidai, ka duba mai. A injin CG ana goge ma'aunin ne a ɗora shi a baki ba tare da an murɗa shi ciki ba, sannan a zaro a duba. Waɗannan ƙananan injina kimanin lita 1 kawai suke ɗauka, don haka rashin rabin kofi ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Mai Jincheng ko wani mai hayaƙi ya duba wuri biyu, man akwatin giya daban, tankin 2T, wato man da ke ƙonewa tare da fetur, daban. Idan mai ya yi ƙasa, ko ya tsinke kamar ruwan shayi yana warin fetur, canja shi tukuna ka sake saurare. Ba a binciken ƙara a kan busasshen inji.

Mataki na biyu: a tsaye

Tayar da inji, bar shi ya yi ɗumi na minti biyar, giya na firi, hannunka ba ya kan kuloci. Saurara a silo, wato inji na aiki ba ka taɓa totur ba. Sai ka ɗaga totur a hankali ka sake shi a hankali, ba irin murɗar 'yan acaba masu kiran fasinja ba. Idan ƙarar ta hau tare da totur ta sauka tare da shi alhali taya ba ta motsa ba, ka wanke taya da sarƙa da maleji daga zargi. Idan babu ita kwata-kwata, ka wuce mataki na uku.

In tana nan, matse kuloci ka riƙe ka ƙirga goma. Ga abin da ke faruwa a ciki: kiranshaf, wato babban ƙarfen da fistin ke juyawa, da kwandon kuloci suna ci gaba da juyawa, amma shaf ɗin farko na akwatin giya, wato sandar ƙarfen da haƙoran giya ke kai, yana rage gudu har ya tsaya. To idan ƙarar ta ɗauke da ka matse, ta dawo da ka saki, tana cikin akwatin giya, galibi boris ɗin wannan shaf. Idan sai da ka matse ta bayyana, ɗan ƙaramin boris ɗin da ke tura kuloci ne. Idan ko a jikinta, matsewa da saki duk ɗaya, to a ɓangaren inji take.

Kafin ka tashi daga nan, sa ƙafa ka ɗaga kik sama sosai. Idan ƙarar ta ɗauke, ka huta: sifirin ɗin kik ne ya mutu, ba ya mayar da shi mazauninsa, haƙoransa suna gogar na ciki. Shi ya sa za ka ga tsofaffin babura an ɗaure musu kik da robar tsohon tub. Robar tana aiki, amma sifirin ba shi da tsada.

Mataki na uku: a kan hanya

Nan ne gwajin da ya fi kowanne amfani, don haka ka ba shi lokaci. Nemi miƙaƙƙiyar kwalta marar motoci, ba ranar kasuwa ba, kai kaɗai ba goyo. Hau ka kai gudun da ƙarar ta fi fitowa. Kana cikin tafiya sai ka matse kuloci ka saki totur, inji ya faɗo silo, babur yana ci gaba da gangarawa da ƙarfinsa.

Yanzu inji ya yi ƙasa, taya tana nan da gudunta. Wa ƙarar ta bi? Idan ta faɗo nan take tare da inji, ta totur ce. Idan ta tsaya a muryarta, sai raguwa take yi sannu a hankali yadda gudu ke raguwa, ta taya ce. Don ka tabbatar, sake yi, wannan karon ka kashe makulli bayan ka matse kuloci. Birkin waɗannan babura waya da sanda ne, kashe inji ba ya hana shi kamawa. A cikin shirun nan za ka ji abubuwan da ba ka taɓa ji ba tun da ka sayi babur ɗin. Kada ka saki kuloci sai ka tsaya cak. Mai roba-roba da ba shi da kulocin hannu, ya taka giya ya danne ta da ƙafa bai saki ba, dannewar nan tana raba kulocin, amma ya yi a ƙaramin gudu.

Sai ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Yi tafiya a ta biyu, ta uku, ta huɗu, a kowacce ka ba da wuta ka saki. Ƙarar da ke fitowa a giya ɗaya tak, ta ɓace da ka canja, haƙoran wannan giyar ne suka ci. Yawanci wadda ka fi zama a kanta ce, ko wadda kake jan kaya da ita a cikin yashi.

Abu biyu kuma kafin ka koma gida. Sauka daga kwalta ka hau burji ko yashi a gudu iri ɗaya. Idan ƙarar ta ɓace, tayar ce kanta ke kuka. Taya mai manyan ƙuraje da muke saya saboda hanyar gona haka take yi a kan kwalta, ba cuta ba ce. Sannan a ƙaramin gudu ka ɗan karkata babur hagu da dama. Ƙarar da ke canja murya da karkatawa, boris ɗin taya ne ake fara tuhuma.

Da na yi wannan zagaye na koma gindin dalbejiya na ce, “Baba, gudu take bi. Ko na kashe inji tana nan, kuma ta fi yawa in na ɗauko kaya.” Ya yi dariya ya ce, “To ka ga ringi ya sha dukan da ba nasa ba.”

Idan gudu take bi

Fara da sarƙa, wadda kanikawa ke cewa cen, domin ita ta fi kowa laifi. Inji a kashe. Na maimaita, a kashe. Mutane da yawa sun rasa kan yatsa garin goge sarƙa da tsumma inji na juya taya. Cire robar da ke toshe kafar kwanon sarƙa, ko ka kwance kwanon gaba ɗaya. Tura sarƙar sama da ƙasa a tsakiyar layin ƙasa. Ya kamata ta yi wasa na kimanin santimita 2 zuwa 3. Kada ka tsaya a wuri ɗaya. Yi alama da alli, juya taya kaɗan, sake gwadawa, har ka zagaye ta duka. Tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai, wani wuri sako-sako, wani wuri kamar tsirkiyar baka. A wurin da ya fi tauri ake saita ta.

Ga inda tawa ta ɓuya. Babur na kan jek, sarƙar tana wasa lafiya lau. Dattijon ya sauko da shi ƙasa, ya sa ni na hau, ya kira wani ƙaton mai faci ya hau bayana, sannan ya tsuguna ya taɓa sarƙar da yatsa. Ko motsi. Ya ce, “Sauko ka taɓa da kanka,” mai facin da wani yaro suka zauna a kai, na taɓa na ji kamar ƙarfen rodi. Dalili shi ne idan nauyi ya danne baya, tazarar da ke tsakanin ƙaramin farantin haƙori na gaba da babban na baya tana ƙaruwa, sarƙa ta ɗaure. Mu kuwa baburanmu jakuna ne, yau buhun riɗi, gobe jarkoki huɗu, jibi tunkiya da mai ita. Wanda ya ja maka sarƙa a kan jek har ta yi tsam don kada ta buga kwano, ya yi maka gyaran gangar Auzinawa. Ya sassauta notin taya, ya mayar da masu jan sarƙar baya zagaye biyu kowane gefe, ya ɗaure. Na hau na je na dawo. Shiru.

Ɗaurarriyar sarƙa ba kuka kaɗai take yi ba, tana jan shaf ɗin da ƙaramin farantin ke kai har ta kashe boris ɗinsa, shi kuwa wannan sai an raba inji biyu ake kai masa. Don haka in ka same ta a ɗaure, duba bayan ƙaramin farantin ko baƙin mai na tsatsa, sannan ka kama shaf ɗin ka girgiza sama da ƙasa. Shaf ɗin za ka kama, ba farantin ba, domin shi farantin dama yana ɗan wasa a mazauninsa.

Duba haƙoran su ma. Idan sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙayar sarƙaƙiya, sun gama. A canja sarƙa da faranti biyu tare, sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori kuka za ta yi kuma ba za ta daɗe ba. Yawancin baburan nan lamba 428 suke ɗauka. Wajen rufe mahaɗin, rufaffen kan makullin ne ke kallon inda sarƙa ta dosa. Alamomin da ke gefe biyu na taya su zo daidai, in ba haka ba tayar ta karkace, sarƙa tana cin gefen haƙori. Wanki kuwa da kalanzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mai kaɗan. Tsohon baƙin mai da ake kwararawa har yana ɗiga, idan ya haɗu da yashin ƙasarmu, dutsen wasa yake zama.

In sarƙa ta fita, sai wayar maleji. Wannan ƙara ta fi kowacce kama da kukan sauro, daga gaba take zuwa, ta fi tsanani da sanyin hunturu, wani lokaci allurar maleji na rawa. Gwajin minti biyu ne: kwance wayar daga cibiyar tayar gaba, ɗaure ta gefe inda ba za ta shiga sifok ba, hau ka gwada. In ta ɗauke, zaro siririyar wayar ciki, wanke ta, shafa mata mai, ka bar kamu ɗaya na sama ba mai don kada ya hau cikin agogon. Ko malejinka ya mutu tun tuni, ɗan haƙorin da ke juya wayar yana nan cikin cibiyar taya yana juyawa a bushe, shi ma a buɗe a sa masa giris.

Sai boris ɗin taya, shi ne wanda ba a yi wa wasa. Ɗaga tayar sama, ta gaba sai yaron ya danne baya. Kama ta sama da ƙasa ka girgiza gefe da gefe. Ɗan ƙwas ɗin da za ka ji a tafin hannu ya isa hujja. Sannan ka juya tayar da ƙarfi ka ɗora yatsu a kan ƙarfen da ke riƙe da ita. Lafiyayyen boris santsi za ka ji, mataccen kuwa kamar ana niƙa tsakuwa a ciki. Don ta baya, cire sarƙa tukuna don kada surutunta ya rufe. A wasu baburan mazaunin babban farantin haƙori yana da nasa boris ɗin daban, kuma shi aka fi mantawa.

Abin da ke kashe su a nan sananne ne: ƙurar hunturu, ƙetare ruwa a fadama da damina, da wanke babur a bakin kududdufi ana watsa ruwa cikin cibiyar taya. In za ka saya, tafi da tsohon a aljihu. Lambar tana jikinsa, irin su 6301 ko 6202. Nemi mai 2RS a bayan lambar, shi ne mai murfin roba gefe biyu, ya fi jure ƙura. Kuma ka tsaya a kan mai sawa. Akwai ɗan bututun ƙarfe da ke zama tsakanin boris biyu a cikin cibiyar taya. Idan ya faɗa yashi aka ce ba komai aka rufe ba shi, da an ɗaure notin taya boris ɗin za su matsu ciki, sabo dal ya soma kuka cikin mako guda. Wajen bugawa ma, a bugi zoben waje, ba na ciki ba.

Birki ba ya buƙatar dogon bayani. Yi tafiyar kilomita biyu ba ka taka shi sosai ba, ka tsaya ka taɓa cibiyar kowace taya da bayan hannu. Wadda ta yi zafi birkinta na kamawa, ko an ɗaure shi da yawa, ko sifirin ya saki, ko yashi ya cika ciki. Leƙa kuma ƙarƙashin marfin taya da jikin kwanon sarƙa. Duk inda ka ga ƙarfe ya yi ƙyalli alhali ko'ina tsatsa ce, wani abu na gogar wurin.

Idan totur take bi

Nan dogon sukundireba zai zama kunnenka. Tattare riga, cire rawani ko duk abin da ke lilo. Inji na silo, ɗora bakin sukundireban a jikin inji, ka manna ƙotar a ƙashin da ke gaban kunnenka. Bi wuri-wuri: murfin dama, murfin hagu, kan inji, gindin silinda, kusa da ƙaramin farantin haƙori. Ƙarfe yana kai ƙara nesa, shi ya sa kunne kaɗai ke ruɗewa, amma da sukundireba za ka ji inda ta fi kaifi. Ka nisanci wayar fulogi, in ba haka ba za ka san ka taɓa.

Murfin dama shi ne gidan kuloci da haƙoran da ke ɗauko ƙarfi daga kiranshaf. A ƙananan babura da yawa haƙoran nan miƙaƙƙu ne, miƙaƙƙen haƙori kuwa da kukansa aka haife shi. Injin CG, wanda Honda ta fito da shi a 1975 kuma kamfanoni da yawa suka bi tsarinsa, ba shi da taimin cen, wato sarƙar cikin inji da ke juya kam, ƙarfen da ke buɗe bawul. Haƙori ne ke juya kam, sanduna biyu suna tura bawul, don haka akwai ɗan zuuu da ke tare da shi tun yana sabo. Wannan ba ya ƙaruwa daga wata zuwa wata. Wanda ya kamata ya dame ka shi ne wanda jiya babu shi yau ga shi, ko wanda ya bayyana bayan an buɗe murfin. In na bayan gyara ne, a sake buɗewa a duba notin kuloci da wasoshin da ke bayansa, ko an mayar da kowanne inda yake.

Masu taimin cen, irin su Boxer da roba-roba, sarƙarsu ta ciki in ta yi sako-sako kacau-kacau take yi, in ta ɗaure da yawa ko robar da take bi ta cinye sai ta koma kuka. Sukundireba zai nuna maka ƙarar tana bin gefen silinda daga ƙasa har sama.

Murfin hagu gidan magineto ne, wato ƙarfe mai maganaɗisu da ke juyawa kusa da koyil, naɗaɗɗiyar waya, yana samar wa babur wuta. Kunna fitila ka kashe kana saurare. Idan muryar ta ɗan canja, koyil ne ke ɗaukar nauyi, sau da yawa ba komai ba ne. Amma kashe inji ka buɗe murfin ka duba. Garin ƙarfe ko layin ƙyalli a cikin magineto yana nufin wata kusa ta koyil ta kwance tana goga. Tunda ka buɗe, kama maginetan da hannu biyu ka ɗaga sama ka danna ƙasa. Ɗan motsin shiga da fita ana iya samu, amma na sama da ƙasa bai kamata ka ji ko kaɗan ba. In ka ji, babban boris ɗin kiranshaf ne, kuma a nan ne kaɗai maganar sauke inji ta zama gaskiya. Masu hayaƙi sun fi faɗawa wannan, musamman in an yi musu rowar 2T ko sun daɗe suna shaƙar ƙura ba soson iska. A mai sitata kuma, ƙarar da ta soma daga ranar da sitata ya fara maƙalewa, a duba ɗan kulocin sitatan, ƙila bai saki ba inji na jansa.

Akwai wadda ba ta ƙarfe ba ce, fito ce, fiii, kamar yaro na hura ganyen dawa. Iska ce. Duba robar da ke tsakanin kafireta da inji, rana da shekaru suna tsattsaga ta. Alamominta: ka saki totur inji ya daɗe bai sauko ba, fulogi ya fito fari fat, inji na zafi fiye da da. Shafa giris mai kauri a jikin robar inji na silo. Idan fiton ya ɗauke silo ya canja, ka kama ɓarawo. Wasu fetur suke fesawa don wannan gwaji. Fetur a jikin inji mai zafi, kusa da fulogi, a garin da babu motar kashe gobara, ni dai ban ga dabarar ba. Duba murfin akwatin soson iska ko ya zauna daidai, da bakin salansa inda ta haɗu da inji. Baƙin toka a wurin yana nufin fakin ya ƙone.

Idan giya take bi, ko har yanzu kana shakka

Juye mai ka karanta shi. Inji na da ɗumi, wanke kwano tas, kwance noti ka tare man duka. Fita da shi rana ka karkata kwanon. Ja maganaɗisu a gindinsa. Ɗan laushin toka-toka da zai manne, wanda in ka murza a yatsa ba ka jin komai, tsufa ne kawai. Ɓarɓashi mai ƙyalli kamar ɓawon kifi, wanda ke sukar yatsa, boris ne ko haƙori ke ɓarewa. Mai ruwan zinariya da maganaɗisu ba ya kamawa, bushin tagulla ne. Fari mai haske da shi ma ba ya kamuwa, jikin inji ne ko kwandon kuloci wani abu ke kankara. A injin CG akwai 'yar rariya a bayan babban murfin juye mai, zaro ta ka duba, duk abin da ya karye a ciki nan yake taruwa. Zuba sabon mai na babur, 20W-50 da aka saba, daga rufaffiyar roba, ba na awo a kwalba ba. In ka ga an rubuta JASO MA a jiki, an yi shi ne don kulocin da ke zaune cikin mai irin namu.

Giya ɗaya mai kuka da mai mai tsabta, ana iya lallaɓawa har a gama aikin damina, muddin ba ta soma ficewa da kanta ba. Fito na iska a gyara cikin makon, don yana dafa fistin. Boris ɗin taya mai wasa, magineto mai motsi sama da ƙasa, ko ɓawon kifi a cikin mai, waɗannan a kafe babur ɗin. Tayar gaba da boris ɗinta ya watse a hanyar Maigatari ranar Alhamis, tsakanin motocin shanu, ba ta ba mutum lokacin karanta komai.

Ranar da za ka je wurin bakanike, kada ka ce masa “wata ƙara yake yi.” Ka ce, “Malam, a tsaye babu ita, a tafe take zuwa, na matse kuloci na kashe inji tana nan, na cire wayar maleji tana nan, sarƙa na wasa daidai ko da goyo.” In ka ɗauki ƙarar a wayarka ka kunna masa. A gyara abu ɗaya, ka hau ka gwada, sannan a taɓa na biyu, kuma duk abin da aka cire a miƙo maka shi a hannu ka juya shi da yatsa.

Nawa babur ɗin, bayan an sassauta sarƙa, akwai ɗan zuuu da ya rage a murfin dama, wanda a da babbar ƙarar ta rufe shi. Na koma na faɗa wa dattijon. Ya ɗora sukundireba ya saurara, ya sa na matse kuloci na saki sau uku, ya miƙe ya goge hannu a tsumma ya ce wannan tun daga kamfani yake, in ba shi kuɗin goro in tafi gona.